Koci Biyu A Benci Ɗaya

A bakin titin da ya taso daga gada ya nufi tasha akwai rumfar wani mai faci, kuma a nan majalisarmu take tun ina saurayi. Abin zamanmu benci biyu ne da tsofaffin tayoyi. Bayan la'asar kowa zai lallaɓo daga wurin neman abincinsa, a taɓa hirar tsadar taki, a taɓa ta siyasa, amma duk inda aka zaga sai an dawo kan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Ba a kan yaran da ke bugawa yanzu ake musu ba. A kan mutum biyu ne da suka taɓa riƙe ƙungiyar, suka bari da daɗewa.

Na farkon malamin firamare ne, shi ne ma ya kafa ƙungiyar. Malam kawai muke ce masa. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, usur ɗinsa na rataye a wuya ko kasuwa za shi. A kan yashin bakin kogi yake ba mu atisaye, ƙasan gada, inda ƙafa ke nutsewa. Sai mun yi gudu cinya ta fara rawa sannan ya jefo mana ƙwallo. Ra'ayinsa shi ne in ba a zura maka ba, ba ka yi asara ba. Saboda haka wasanninmu a zamaninsa daga ɗaya da nema sai canjaras. Sau ɗaya ya kai mu wasan ƙarshe na kofin ƙaramar hukuma, kuma a ranar ya ajiye lamba tara ɗinmu a benci, don yaron ya tsallake atisaye ya tafi biki Kano. Aka ci mu ɗaya mai ban haushi. Bayan wannan ba a jima ba aka yi masa canjin makaranta, ya sauka.

Na biyun direban babbar mota ne da ya taɓa buga ƙwallo a birni. Shi kuma Direba muke ce masa. Ƙato ne, muryarsa tana kaiwa daga wannan raga zuwa waccan, kuma yana yi wa 'yan wasa kirari kamar 'yan dambe. Shi ba ruwansa da yashi. Ranar wasa sai ka ga bas ta tsaya a bakin fili, samari uku ko huɗu da ba mu san iyayensu ba sun sauko da takalmansu a hannu. 'Yan haya ne daga Kano. A shekararsa ta biyu ya ɗauko kofin da ya gagari Malam. Aka ɗora kofin a kan mota aka zaga gari, har masu kifi a bakin gada suka bar tirensu suka biyo mu. Daga nan ya koma hanya, 'yan hayan ba su sake zuwa ba, yaran gida da ya zaunar kuma sun riga sun watse. Ƙungiyar ta yi shekaru tana jan ƙafa.

Ni gola na biyu ne a hannun dukansu. A tarihin ƙungiyar ba na jin akwai wanda ya kai ni daɗewa a benci. Shi ya sa duk lokacin da musu ya yi zafi ni ake juyowa a tambaya, don na zauna kusa da kowannensu, na ji abin da yake faɗa a ƙasan maƙoshi.

Yayana, wanda tela ne, shi ne jagoran masu son Direba. Mai faci kuwa lamba biyar ne a zamanin Malam, kuma har gobe ba ya son a taɓa shi.

"Ni tambaya ɗaya nake yi," in ji Yaya, kusan kullum da haka yake farawa. "Kofin da ke ɗakin mai unguwa, wa ya kawo shi?"

Mai faci ba ya ɗagowa daga tayar da yake gogewa. "Wa ya buga wasan? Faɗa min sunan uban wanda ya ci ƙwallon."

"Ƙwallo ba ta tambayar sunan uba."

"To shi ke nan. Hayar jaki ka yi ya kai maka kaya kasuwa, ka dawo kana cewa kana da jaki."

"Gara wanda ya yi haya kayansa suka isa kasuwa, a kan wanda ya ɗaure nasa jakin ranar kasuwar Juma'a don ya koya masa hankali."

Sai a yi dariya, sai su juyo kaina. "Gola, kai ka faɗa." Ni kuwa abin da na sani ba ya kashe musu. Na san a hannun Malam ban taɓa ganin ɗan wasanmu ya dafe gwiwa yana haki ba, na kuma san kallonmu ba daɗi, har mutanen unguwa sukan tashi kafin a tashi. Na san a hannun Direba fili cika yake yi, na kuma san yaran da suka yi ta wahalar atisaye aka bar su a tsaye a bayan layi ba jesi. In na faɗi wannan sai kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa ya bar min sauran.

Akwai mutum na huɗu da ya shigo majalisar daga baya. Mutumin Filato ne, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Don faci ya kawo mashin ɗinsa wata rana, ya tarar ana wannan musun, ya zauna jira, aka gama facin bai tashi ba. Daga nan ya zama namu. Ranar Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo da kayansa masu guga ya zauna a kan taya. Kowa Oga yake ce masa, mu ma Oga muke ce masa. Bai taɓa ganin Malam ko Direba ba, amma ya haddace labarin tsaf, kuma yau yana wannan ɓangare gobe yana wancan, gwargwadon wanda ya ga ana dannewa.

A wata kaka, bayan an gama kai amfanin gona gida, aka shirya gasa tsakanin unguwanni da ƙauyukan kewaye. Ƙuri'a ta haɗa mu da 'yan Dagumawa, waɗanda a lokacin ba a wasa da su. Ana saura 'yan kwanaki, saurayin da ke horar da yaranmu ya samu aiki a Kaduna ya tafi. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai sayar da hatsi da ba ya son hayaniya, ya zo majalisa neman shawara.

Yaya bai bari ya gama zama ba. "Alhaji, ai maganar ba ta da wahala. Direba ya ajiye tuƙi, yana nan a gari yana sayar da kayan gyaran mota."

"Malam ma yana nan da ransa," in ji mai faci. "Ya yi ritaya yana noma a Achika."

Aka yi ta ja har aka kira magariba. Alhaji ya miƙe yana karkaɗe rigarsa ya ce, "To, ku tuntuɓa mu ji wanda zai yarda." Ya faɗi haka ne don ya samu ya tafi. Yaya ya ɗauka shi aka ba izini, mai faci ma ya ɗauka shi aka ba.

Washegari mai faci ya rufe rumfa ya ce in kai shi Achika. Muka tarar da Malam a bayan gida yana ɗaure karan dawa. Ya tsufa, gashi ya yi fari, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya gane mu tun daga nesa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, muka gaisa: gida, iyali, gajiya, amfanin gona, ciwon ƙafar, waɗanda suka rasu a cikinmu. Sai da wannan ya lafa mai faci ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, yaranka ne suka zama marayu."

Malam ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Yaran yanzu za su yi gudu a yashi?"

"In kai ka ce, za su yi."

Ya dubi ƙafarsa. "Wasa ɗaya," in ji shi. "Jibi zan shigo."

Muna dawowa gari na biya shagon Yaya. Na same shi yana taka keke yana murmushi. Ya ce, "An gama. Direba ya ce jibi yana fili." Na tsaya a bakin ƙofa. Ya dube ni ya tsayar da keken. "Daga ina kake da ƙura haka?"

Da daddare ba a yi wata shawara ba, washegari ma haka. Yaya ya ce shi ba zai iya komawa ya ce wa mutum an fasa ba. Mai faci ya ce in akwai wanda zai je ya gaya wa dattijo mai furfura cewa ya zauna a gida, to ba shi ba ne. Alhaji ya ce yana da lodi a Utai, ya ɓace. Oga ne kaɗai abin ya yi wa daɗi. Ya ce, "Shekara nawa kuna gardama ba alƙali? Yanzu ga su za su zo da ƙafarsu."

Ranar atisaye suka iso filin makarantar firamare kusan tare. Malam a bayan mashin ɗin ɗansa, da tsohon usur ɗin nan. Direba a ƙafa, ya ƙara jiki, yana tafiya yana hutawa. Da ya hango Malam sai ya cire hularsa ya rusuna.

"Barka da zuwa, Malam. Kallo aka zo?"

"An ce in zo in riƙe yara," in ji Malam. "Kai fa?"

"Ni ma haka aka ce min."

Suka juya suna neman wanda zai yi bayani. Yaya ya sunkuya yana gyara igiyar raga, mai faci ya tafi ɗauko ruwa. Ni na rage a tsaye, ni na faɗa musu yadda aka yi. Direba ya yi dariya har ya riƙe ciki. Malam bai yi ba. Ya ce tunda an riga an taso shi daga gona ba zai koma ba sai an buga wasan. Direba ya ce shi ma mutanen layinsu duk sun ji labari. A ƙarshe suka raba: Malam ya ɗauki gola da 'yan baya, Direba ya ɗauki 'yan gaba. 'Yan tsakiya ba a ce komai a kansu ba. Malam ya kafa sharaɗi guda, ba ɗan haya. Direba ya ce ko yana so ma, waɗanda ya sani duk sun yi tumbi. Ni aka ce in riƙa zama tsakaninsu ina kai saƙo.

Kwanakin da suka rage, rabin ƙungiya na bakin kogi suna gudu, rabi na fili suna koyon bugun raga. 'Yan tsakiya suka ga ba mai nemansu, suka riƙa zuwa inda ya fi sauƙi.

Ranar wasa fili ya cika fiye da yadda na saba gani, don labari ya zaga cewa tsofaffin biyu za su zauna a benci ɗaya. Har waɗanda suka daina kallon ƙwallon unguwa suka koma gidan kallo sun fito. Aka ajiye benci a gindin darbejiya, Malam a wannan ƙarshen, Direba a wancan, ni a tsakiya.

Tun daga take wasa matsalar ta fito. Ƙwallo na zuwa ƙafar lamba takwas ɗinmu, Direba zai miƙe ya ce ya hau gaba, Malam kuma ya ɗaga hannu yana nuna masa ya tsaya a gida. Yaron ya dubi wannan ya dubi wancan, kafin ya yanke shawara ɗan Dagumawa ya zare ƙwallon. Duk da haka 'yan bayanmu sun tsaya da kyau. Sai dab da hutun rabin lokaci aka bugo kwana, golanmu ya fito bai kai ba, suka sa kai ta shiga.

A hutu suka tara yaran. Malam ya yi magana a hankali, ya ce kowa ya riƙe mutuminsa, ci ɗaya ba komai ba ne, dama za ta zo. Direba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kun ji abin da Malam ya faɗa. To ku ƙara da wannan: wanda ake bi bashi ba ya zaman gida." Yaran suka koma fili kowa da abin da ya fahimta.

Aka dawo, lokaci na tafiya, ba mu farke ba. Direba ya matso ya ce min in gaya wa Malam yana so a cire ɗan baya ɗaya a sa wani ƙaramin yaro mai gudu. Malam yana jin sa sarai, don tsakaninsu bai fi kamu huɗu ba, amma ta bakina ya amsa.

"Gaya masa ba a rushe katanga don a yi taga."

"Gaya masa gidan ya riga ya kama wuta," in ji Direba.

Suna cikin haka lamba shida ɗinmu ya faɗi yana riƙe da idon sawu. Aka ɗauko shi waje. Malam ya taɓa kafaɗar wani ɗan baya ya ce ya shiga. A daidai lokacin Direba ya tura yaronsa mai gudu ta ɗaya gefen. Mai taimaka wa alƙalin wasa yana can yana raba wasu 'yan kallo, bai lura ba. Muka zama mu goma sha biyu a fili, kuma ni kaina sai da aka ɗan jima na ƙirga na gane. Kafin in buɗe baki yaron nan ya karɓi ƙwallo a gefe, ya wuce mutum biyu, ya buga ta shiga.

Filin ya ɗauki ihu. Yaya ya shiga da gudu har hularsa ta faɗi. Amma kyaftin ɗin Dagumawa ya riga ya kama hannun alƙalin wasa yana nuna masa 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya zo bakin benci.

"Wane ne kocin ƙungiyar nan?"

Malam na kallon ƙasa, Direba na kallon sama.

Alƙalin ya soke ƙwallon, ya ce ɗaya daga cikin yara biyun da suka shiga ya fita. Nan ma aka tsaya. Can Malam ya kira ɗan bayansa ya ce ya dawo ya zauna. Yaro mai gudun ya ci gaba da wasa, kuma ana kusa da tashi ya sake samun dama ya farke mana, wannan karon ba gardama. Ba mu gama murna ba suka ɗauko ƙwallo daga tsakiya, suka bi ta inda lamba shida ya bari, suka ƙara. Aka tashi biyu da ɗaya.

Mutane suka watse suna surutu. Ni na tsaya tattara jesuna. Tsofaffin biyu ba su tashi daga benci ba. Direba ya sayi rake ya karya, ya miƙa wa Malam rabi. Malam ya ce haƙoransa ba sa iyawa, amma ya karɓa ya riƙe.

"Malam, in tambaye ka wani abu da ya daɗe a raina," in ji Direba. "Ranar wasan ƙarshen nan naka ina cikin 'yan kallo. Da ka sa lamba taran nan, da kofin naka ne."

"Wataƙila," in ji Malam. "Da kuma washegari ba wanda zai zo atisaye."

"Ai washegarin ma ba ka daɗe ba."

"Ban san za a ɗauke ni ba."

Direba ya tofar da ɓawon rake. "Ni dai gaskiya, 'yan bayan da na ci kofi da su naka ne. Gaba kawai na yi haya."

"Na sani," in ji Malam. Direba ya jira a mayar masa da yabon, bai samu ba.

Alhaji ya fito daga inda ya laɓe ya yi musu godiya, ya tambaya ko ɗayansu zai ci gaba da riƙe yaran. Malam ya ce ƙafarsa da nisan Achika ba za su bari ba. Direba ya ce likita ya hana shi ihu, yau ma ya karya doka. Alhaji ya ce to yanzu wa za a ba? Malam ya nuna ni da raken hannunsa. "Ku ba wannan. Ya daɗe yana kallo." Direba ya ce ba shi da ja.

Haka na zama koci, ina tsugune da jesuna masu gumi a hannu. Na riƙe ƙungiyar damina biyu. Ban ci kofi ba, ban kai wasan ƙarshe ba. Mun doke 'yan Utai a gidansu, abin da aka daɗe ba a yi ba, an kuma taɓa zura mana biyar a wani wasa da har yanzu ba na son a tuna min. Na gane cewa daga benci komai a fili yake, amma in kai ne za ka ce wane ya fito wane ya shiga, kuma uban wanda za ka cire yana tsaye a bayanka, sai idon ya rufe. Da shagona na taki da iri ya fara cin lokaci, na miƙa wa wani matashi da ke nuna wa yara wasannin Turai a waya.

Wasan Dagumawa bai kashe musun majalisa ba, ƙara masa itace ya yi. Yaya na cewa yaron Direba ne ya ci ƙwallo biyu a ranar, ɗaya aka sace. Mai faci na cewa da an bar ɗan bayan Malam a fili da ba a zura ta biyun ba. Oga ya ce shi yanzu ya ga dukansu da idonsa, kuma ya fi gane su lokacin da yake jin su a labari. Abin da ya canza kawai shi ne an daina kirana shaida, don ni ma na shiga layin waɗanda ake aunawa. Ina zaune za a yi ta yanka ni. Lokacin da nake riƙe da ƙungiyar ba wanda ya taɓa cewa na iya, har Yaya, da yake ce wa mutane ba don ɗan'uwansa ba ne da ya faɗi abin da ke bakinsa.

Amma tun da matashin nan ya sha kashi sau biyu a jere na lura an fara sassauta min. Shekaranjiya na kai mashin ɗina rumfar, na ji mai faci yana gaya wa wani baƙo cewa a zamanina 'yan baya ba sa wasa da ƙwallo a gaban raga, da ta zo sai su watsar. Ni ban tuna na taɓa hana su ba. Ban gyara masa ba, tayata yake wa faci.